Yadda Ake Ceto Haƙarƙarin Rago Idan Ya Bushe Ya Yi Tauri a Wajen Gashi

A gidanmu da ke Daura ba a soya awazar ragon layya. Cinya da karfata su ake yayyankawa a kai wa mata su soya, awaza kuwa maza ke karɓa, su tsire ta a itace su kafa gefen wuta irin yadda ake yi a Maraɗi da Damagaram, hayaƙi da zafi su yi ta ratsa ta. Wata shekara aka bar wa ƙanena tsaron wutar. Ya ji kiɗan hawa ya zare jiki ya tafi kallo, da ya dawo ya ga wuta ta yi sanyi sai ya labta mata itace don ya rama lokacin da ya ɓata. Da aka sauke naman, wuƙa ma da ƙyar ta shiga. Gwaggonmu ta ɗauki ƙashi ɗaya ta jujjuya ta ce, "Kai ɗan nan, nama aka ba ka ko ƙirgi?" Ya ce, "Gwaggo, a mayar da shi wuta ya ƙarasa." Ta ce, "Wutar da ta kashe shi ita za ta tashe shi? Ɗauko mini babbar tukunyar can da albasa."

Kafin sallar isha'i naman nan yana saɓulewa daga ƙashi da ɗan yatsa biyu. Abin da ta yi ran nan shi zan shimfiɗa a nan, da abin da na ƙara koya bayan na lalata nawa haƙarƙarin ba sau ɗaya ba. Aikin ɗaya ne ko na rago ne, ko na akuya, ko na sa, sai dai na sa ya fi cin lokaci.

Da farko, ki tabbata naman bai lalace ba

Kada ki ɓata gawayinki a kan abin da ya kamata a zubar. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, ta 2025 ma ranar 6 ga Yuni aka yi ta, kuma kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. Lokaci ne na zafi, nama ba ya jira. Ki shinshina shi, musamman wajen da ya fi kauri da kuma jikin ƙashi, don nan ne wuta ba ta kai sosai. In kin ji tsami, ko kin taɓa kin ji yauƙi, ko kin ga wuri ya yi kore-kore, a rabu da shi. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta kashe dafin da wasunsu suka riga suka zuba a cikin nama. Gasasshen nama mai kauri da ya kwana a rufe cikin leda ko roba a ɗaki mai zafi shi ya fi saurin juyawa. Wanda aka bari a sarari kusa da ɗumin wuta ya fi shi tsira.

Tauri daban, bushewa daban

Nan ne yawancin mutane ke kuskure, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Haƙarƙari ba kamar tsokar cinya yake ba. Cike yake da jijiya da tantani da kitse a tsakanin ƙasusuwa. Jijiyar nan, wadda masana ke kira kolajin, ba ta narkewa da zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci. Sai naman ya kai zafin da ya haura digiri 70 a ma'aunin Selshiyas, ya kuma zauna a haka awanni, sannan take saki ta koma danƙo. Danƙon nan kin san shi: shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana, shi ke manne miki leɓe in kin sha farfesun kai. Ita kuwa tsokar, da zarar zafi ya wuce digiri 60 sai ta fara takurewa tana matse ruwanta waje kamar an murɗe tsumma. Abu biyu ke nan ke tafiya a lokaci ɗaya, ruwa na fita, jijiya na jiran ta narke. Gashi mai kyau shi ne wanda jijiya ta narke kafin ruwa ya ƙare.

To idan wuta ta yi yawa, ruwa ya gudu alhali jijiya ba ta saki ba. Wannan shi ne nama mai tauri. Za ki gane shi da cewa ya manne wa ƙashi gam, kin murɗa ƙashin ya ƙi juyawa, kin ɗaga awazar daga tsakiya ta tsaya cak ba ta lanƙwasa ba, in kin tauna yana mayar miki da haƙori kamar roba. Mutane suna ganin wajensa ya yi baƙi sai su ce ya wuce. Bai wuce ba, bai ma kai ba. Kuma wannan labari ne mai daɗi, don duk danƙon yana nan a ciki yana jiran a fito da shi.

Idan kuwa ya daɗe ƙwarai a wuta, jijiya ta narke ta ɗige cikin toka tare da kitsen, sai a sami nama busasshe. Shi yana rabuwa da ƙashi ba gardama, amma yana wargajewa zare-zare, in kin tauna kamar kin cika baki da dusa, sai kin nemi ruwa. Wannan ba ya buƙatar doguwar dahuwa, abin da ya rasa maiƙo ne da romo. In kika dafa shi awa biyu kamar na farko, ƙara wargaza shi za ki yi.

Sau da yawa awaza ɗaya tana ɗauke da duka biyun: gefen ciki mai siriri ya bushe, wajen ƙashin baya mai kauri ya yi tauri. Ki raba su tun yanzu, kowanne gefensa.

Shirya naman

Ki ɗauki wuƙa ki kankare duk inda ya ƙone baƙi ƙirin. In an barbaɗa yajin ƙuli kafin gashi, shi ne ke fara ƙonewa, kuma ɗacinsa in ya shiga romo ba ya fita. Inda ya yi ja mai duhu ki bar shi, nan ƙamshin hayaƙin yake.

Sai ki juya cikin awazar. Akwai wani farin tantani da ke lulluɓe da ƙasusuwan ta ciki, wanda in ya sha wuta yake zama kamar leda. Ki soka bakin cokali ƙarƙashinsa a kan ƙashi ɗaya, ki kama da tsumma mai tsabta ki ja. In ya ƙi fita, ki tsattsaga shi da wuƙa a tsakanin ƙasusuwa ya wadatar.

Ki yanka awazar ƙashi bibbiyu ko uku-uku. Kada ki yi ƙanana, za su watse a tukunya, kada kuma ki bar ta sukutum, tururi ba zai ratsa ta daidai ba.

Abin da za ki tanada ga kilo ɗaya na nama: manyan albasa 2, romo ko ruwan zafi kofi ɗaya, man shanu ko man gyaɗa cokali 2 na cin abinci, ruwan tsamiya mai ɗan kauri cokali 2, ɗanyar citta kamar tsawon ɗan yatsa, tafarnuwa ƙwaya 4, masoro da kanumfari kaɗan, attaruhu gwargwadon bakin gidanku. In akwai romon kai da ƙafa da ya rage daga farfesu, shi ya fi kowane ruwa, don yana ɗauke da danƙon da naman ya zubar a toka. In akwai guntun kitsen ragon, musamman na wajen ƙoda ko mayafin ciki, ki yanka ƙanana ki sa a maimakon mai.

Gishiri da dunƙule kada ki sa yanzu. Naman da ruwansa ya ƙafe gishirinsa ya taru, kuma romon zai ƙara ƙafewa. Ni na taɓa ceto nama daga tauri na kashe shi da gishiri, ba wanda ya iya ci sai da aka juye shi a dafa-duka.

Hanyar tukunya, ga nama mai tauri

Ki samu tukunya mai kauri, irin ta dalma da maƙera ke zubawa, mai murfin da ke zama daidai. Ki yanka albasar faffaɗa ki shimfiɗa a ƙasa ta zama katifa. Amfaninta biyu: tana hana naman taɓa gindin tukunya ya kama, kuma ita kanta ruwa ce, tana saki a hankali. Ki jera naman a kai, gefen tsoka yana kallon ƙasa, ƙashi yana sama. Ki daka citta da tafarnuwa da sauran kayan ki watsa, ki zuba mai da ruwan tsamiya, sannan ki zuba romon ta gefen tukunya.

Ruwan kada ya rufe naman. Ya tsaya kamar kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa. In kika nutsar da shi, ƙamshin hayaƙin zai fice ya koma cikin ruwa, ki tashi da dafaffen nama salam, alhali gasasshe kike son ki ceto.

Ki rufe sosai. Gwaggo takan shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a bakin tukunya sannan ta ɗora murfi, ta danne da dutsen niƙa ƙarami. Yanzu takardar foyil tana yin wannan aikin. Manufar dai tururi kada ya sami ƙofa.

Sai wuta. Ki bari ya fara tafasa, nan take ki rage. A murhun gawayi ki kwashe rabin garwashin, ki yayyafa toka a kan sauran. A gas ki mayar da shi can ƙasa inda harshen wutar ya kusa mutuwa. Abin da kike nema shi ne in kin kasa kunne ki ji tukunya tana ɗan ɓul, ɓul, jefi-jefi. In kin ji tana ɓararraka, wuta ta yi yawa, kuma tafasa mai ƙarfi ƙara matse tsoka take yi. Masu cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ba su faɗi irin wutar ba; ƙarama ce.

Bayan minti 45 ki buɗe sau ɗaya, ki juya naman, ki duba ruwa. In ya kusa ƙafewa ki ƙara rabin kofi na ruwan zafi, ba na sanyi ba. Ki rufe ki ƙara minti 30. Daga nan ki fara gwaji da tsinken tsire: ki soka tsakanin ƙashi biyu. In ya shige kamar an soka dafaffen dankali, ya yi. In ya tsaya yana turjiya, ki ƙara minti 20 ki sake gwadawa. Ɗan matashin rago yakan saki cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tsohon Balami ko Uda irin manyan nan da ake kora daga kasuwar Mai'aduwa, wanda aka yi shekaru ana kiwo, yana iya cin awa biyu da rabi, haƙarƙarin sa kuma har uku. Agogo ba shi ne alƙali ba, tsinke ne. Mai ma'aunin zafin nama, zai ga ya saki a wajen digiri 90 zuwa 95.

Da ya yi, ki sauke amma kada ki buɗe. Ki bar shi cikin romonsa minti 20. Wannan zaman shi mutane ke tsallakewa saboda yara sun tsaya a kai, kuma shi ne rabin aikin. Nama in yana hucewa a cikin romo yana shan wani abu daga ciki. In kika tsame shi da zafinsa, tururi zai tashi daga jikinsa ya sake bushewa a faranti kina kallo.

In kina da tukunyar firesha, minti 15 zuwa 20 bayan ta fara huci sun isa, ki bar ta ta huce da kanta. Tana da sauri, sai dai ba ki ganin abin da ke ciki, kuma minti biyar na ƙari suna iya mayar da haƙarƙari dambu. Mai oben kuma ta jera naman a tire da albasa da rabin kofin romo, ta naɗe da foyil ninki biyu, digiri 150, awa ɗaya zuwa biyu.

Hanyar madambaci, ga wanda ya bushe

Wannan ba ta da tsawo. Ki narka man shanu ko kitse, ki shafe kowane yanki ciki da waje. Ki shimfiɗa albasa a madambaci, ki jera naman, ki rufe, ki turara minti 20 zuwa 30 kacal. A gefe ki ɗora romon kai da ƙafa kofi ɗaya da rabi da jajjagen attaruhu da citta, ki bar shi ya ƙafe ya koma rabi, har ya fara manne wa bayan cokali. Ki juye naman a ciki da zafinsa, ki rufe, ki bar shi minti 15.

Gaskiyar magana, ruwan da ya fita daga tsoka ba ya komawa yadda yake. Abin da kike yi shi ne cike gurbinsa da maiƙo da danƙo, harshe kuwa ba ya bambancewa sosai. Shi ya sa ruwa zalla ba ya gyara busasshen nama. Jiƙa shi kawai yake, ki tauna ki ji dusar tana nan.

Mayar masa da kamannin gashi

Naman da ya fito daga tukunya ya yi laushi amma ya yi fari-fari, ba wanda zai ce gasasshe ne. Ki tsame shi a hankali ki bar shi ya tsane. Romon da ya rage ki kwashe man da ya taso sama ki ajiye, sauran ki ƙafar da shi da albasarsa har ya yi kauri, sannan ne za ki ɗanɗana ki ga ko yana son gishiri.

Ki hura garwashi ya yi ja, babu harshen wuta, babu hayaƙi. Gawayin ƙirya ya fi, yana riƙe zafi. Ɗanyen itacen bedi kuwa kada ya kusanci nama, hayaƙinsa ɗaci ne da shi. Ki shafa wa naman man da kika kwashe, ki ɗora a waya minti 2 ko 3 kowane gefe, iyakar ya ɗauki launi. A nan ne maigida zai zo ya ce a ƙara barinsa ya yi ƙauri. Kada ki yarda, abin da ya kawo ku nan ke nan. Ki sauke, sannan ki barbaɗa yajin ƙuli, ki yayyafa romon mai kauri, ki yanka ɗanyar albasa da tumatir a kai. In za ki zare naman daga ƙashi ki yayyanka, ki yanka a gicciye, ki datse zaren tsokar, ba ki bi tsawonsa ba.

Abubuwan da ake ba da shawara, da ra'ayina a kansu

Kanwa tana tausasa nama, ba ƙarya ba ne, amma tana baƙanta shi, ta ba shi wani ɗanɗano kamar sabulu, ta kuma kashe ƙamshin hayaƙi. In dole ne, ɗan ruwanta cokalin shayi ɗaya ga kilo, kuma kada ki haɗa da tsamiya don suna kashe juna. Ni ba na sawa. Ɗanyar gwanda da abarba suna da sinadarin da ke cin nama, sai dai amfaninsu ga ɗanyen nama ne kafin gashi. A kan gasasshe, waje suke dagargazawa ya yi laɓo-laɓo, ciki na nan da taurinsa. Tsamiya da lemun tsami ɗanɗano suke gyarawa, suna yanke maiƙo, ba su ne ke kawo laushin ba.

Akwai kuma masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunyar nama wai don ya yi saurin nuna. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta sha gargaɗi a kan wannan. Magani ne ba kayan miya ba, kuma yawansa hanta yake lalatawa. Kada ki yi, kada ki bari a yi a gidanki ko da naman biki ne ana sauri.

In ya wuce ceto

Wani naman ya riga ya zama banda, ya bushe ƙayau har ciki. Wannan kada ki wahalar da kanki wajen mayar da shi gashi, ki canza masa aiki. Ki zare shi daga ƙashi, ki jiƙa a ruwan zafi minti 30, ki sa a miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya tun farkon ɗora sanwa. Ƙamshin da yake ba miya ɗanyen nama ba ya bayarwa, shi ya sa tsofaffi ke ɓoye banda a rataye sama da murhu. Ko ki dafa shi da albasa da citta har ruwan ya tsotse, ki daka a turmi, ki soya sama-sama da mai kaɗan ya zama dambun nama. Busasshen da ke wargajewa zare-zare ya riga ya yi miki rabin dakan. Ƙasusuwan kuma kada a jefa wa karnuka tukuna. Ki tafasa su awa biyu da albasa, ki tace, ki dafa wake da shinkafa ko dafa-duka da ruwan.

Ajiya

Naman da kika ceto yanzu yana da laima, ba zai jure zama kamar lokacin da yake busasshe ba. A ci shi ran nan ya fi. In ya rage, kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin bazara ma awa ɗaya. Ki zuba shi a roba tare da romonsa ki sa a firji, kwana 3 zuwa 4 in wuta tana tsayawa. In kuwa unguwarku irin wadda ake ɗauke wuta tun safe sai dare ce, kada ki dogara da firjin: ki zare naman ki soya shi cikin kitsensa ya bushe kamar sauran soyen Sallah, ko ki aika wa maƙwabta da zafinsa. Wajen ɗumame, ki mayar da shi tukunya da cokali 3 na ruwa, ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa, har tururi ya ratsa shi ya yi zafi har jikin ƙashi, kuma iya wanda za a ci kawai za ki ɗumama.